Kalmar "Daƙiƙi" da Matsalar Koyon Karatu: Yadda Za a Yi wa Iyaye Bayani

A wannan darasi za mu duba yadda ɗalibin harshe zai fahimtar da iyaye abin da masana ke kira disleksiya, wato tangarɗar koyon karatu. Hausa ba ta da tsayayyiyar kalma ta wannan matsala. Abin da akan ji a gidaje shi ne "daƙiƙi ne" ko "ba ya da kai", kuma da zarar an laƙaba wa yaro irin wannan suna, sai a daina neman dalili, wani lokaci ma a cire shi daga makaranta.

Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya yi amfani da kalmar disleksiya a 1887. Daga baya aka gano matsalar ba a ido take ba. Yaron yana shan wahala ne wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa, alhali yana iya zama mai wayo da iya zance.

Nan ne ilimin harshe yake da ta cewa. Binciken Paulesu da abokan aikinsa, wanda ya fito a mujallar Science a 2001, ya nuna masu wannan matsala a Italiya sun fi takwarorinsu na Faransa da Ingila iya karatu, saboda rubutun Italiyanci yana bin furuci. A Faransanci kuwa sauti ɗaya kan zo da o, au ko eau. Rubutun Hausa na boko ya fi kusa da na Italiyanci, ko da yake b, d, ɓ da ɗ suna rikita mai koyo, kuma ba a nuna karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka yaron Nijar da ya kasa karatu da Faransancin da ba ya ji a gida, bai kamata a yanke masa hukunci ba sai an gwada shi da harshensa.

Abin da za a fara gaya wa iyaye shi ne su kai yaron a duba idonsa da kunnensa. In lafiya lau suke, su je su ga malaminsa, su nemi a zaunar da shi gaba, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki. Wannan ba alfarma ba ce, domin Sanarwar Salamanka ta 1994 ta nemi makarantu su karɓi kowane yaro bisa buƙatarsa. A gida kuma a ajiye bulala, a riƙa karanta masa gajeren labari kullum yana bin kalmomin da yatsa.