Ƙaramar bindiga a aljihu: tambayar da ta riga zaɓen harsashi

Ma'aikacin tarayya da ke barin Abuja da asubahi, ya bi ta Keffi da Akwanga da Jos har ya gangaro Toro kafin ya shiga Bauchi, ya san irin tunanin da doguwar hanya ke haifarwa. Labaran masu garkuwa da mutane a dajin Lame-Burra da yankin Alkaleri sun sa hirar kare kai ta shiga zaure da ofis. A irin wannan hira ce ake jin tambayar: in mutum zai riƙe ƙaramar bindiga, wane harsashi ya fi?

Tambayar baƙuwa ce, daga Amurka ta zo. A can, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, an daɗe ana muhawara tsakanin masu son harsashi mai faɗin milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20, da masu fifita .45 mai nauyi. Bayan musayar wutar Miami ta 1986, hukumar FBI ta koma ga harsashi mafi girma, daga bisani kuma ta dawo kan milimita 9, domin jami'anta sun fi saita shi daidai.

A Bauchi kuwa, doka ta rufe ƙofar tun kafin a kai ga zaɓi. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko shi ne haramtattu, kuma a nan aka jera fistol da libarba tare da mashinga da bindigogin soja; shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Na biyu ya ƙunshi bindigar farauta irin mai baki biyu, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki, irin ta maharba, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Ke nan, ko mutum ya je hedikwatar 'yan sanda da ke titin Yandoka da cikakkun takardu, babu jami'in da zai iya halatta masa fistol. Ko lasisin bindigar farauta ma, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da shi a 2023.

Muƙami ba ya sauya wannan. A Yunin 2022, da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya umarci jama'a su nemi bindiga don kare kansu, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya fito fili ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. In haka ne ga gwamna, ina ga mai taimaka wa minista ko ɗan majalisa? Katin ofis ba lasisi ba ne, kuma bindigar ɗan sandan da ke rakiyar mai gida ta gwamnati ce, ba a aronta.

Hukuncin ma ba na wasa ba ne. Wanda aka samu da haramtacciyar bindiga yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ga ma'aikaci kuma akwai kora daga aiki. Bindigar da aka saya don tsare iyali tana iya raba mutum da iyalin a shingen bincike guda.

Wannan bai soke 'yancin kare kai ba. Dokar Penal Code ta Arewa ta amince da shi, muddin ba a wuce gwargwadon barazanar ba. Abin da ya rage a hannun matafiyi shi ne shiri: kauce wa tafiyar dare, tuntuɓar direbobin tasha kan halin hanya, rage shelar tafiya a Facebook, da riƙe lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wanda kuma ya gāji bindiga marar takarda, gara ya miƙa ta ga hukuma da kansa kafin a same ta a ɗakinsa.