Ci da Sha a Wurin Ƙwari

Ni malamin harshe ne, saboda haka daga harshe zan kama. Bahaushe yana cin tuwo, yana cin gyaɗa, amma rake da kankana shansu yake yi, alhali kuwa sai ya sa haƙori. Watau tun tuni harshenmu ya lura cewa akwai abincin da rabinsa abin sha ne. To, a cikin wannan hali ƙwari da yawa suke rayuwa.

Mu ɗauki fara, wadda manomin Kunci ya sani sarai. Fara ba ta zuwa rijiya, ruwanta yana cikin ganyen da take ci. Masana sun jarraba ta: idan aka hana ta ruwa aka ba ta busasshen abinci, sai ta ɗan taɓa ta bari, ko da kuwa yunwa na cinta. Da ta sami ruwa ta sha, sai ta koma kan abincin nan. In kuma aka ajiye mata ɗanye da busasshe, mai ƙishirwa ɗanyen take zaɓa. Dalili kuwa shi ne, kowace loma tana ƙara wa jininta gishiri da sukari, ya yi kauri. In kaurin ya yi yawa, sai jiki ya tsai da ci, ya nemi ruwa. Wannan yana cikin abin da ya sa idan ciyawar daji ta bushe da kaka, fara takan faɗa wa abin da ya rage kore a gona, kamar maiwar da ba ta ƙosa ba, da wake. Manomi yana ganin haɗama ce, nan kuwa har da ƙishirwa.

A shekarar 2016, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gano wasu ƙwayoyin jijiya guda 4 kacal a ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. In yunwa ta zo, sai su motsa, ƙuda ya nemi zaƙi ya rage sha. In jini ya yi kauri, sai su lafa, ya koma ga ruwa. Sauro ma haka: an nuna a Amurka a 2018 cewa macen da iska ta busar ta fi ɗokin cizo, domin jininmu a wurinta tuwo ne, kuma ruwa ne.

Ƙwaron rumbu shi ne gwani. Bai taɓa ganin ruwa ba, daga ɗan danshin ƙwayar hatsi yake samu, da wanda jikinsa ke haɗawa yayin narkar da abinci. Amma wasu irinsa ba sa iya hayayyafa sosai idan danshin ya sauka wajen kashi 10 cikin 100. Shi ya sa tsoho a Kunci yakan ciji ƙwayar dawa, in bai ji ta ce ƙas ba, ya ce a mayar da damin rana.