Zakin Kaduna a Hanyar Tambuwal: Yadda Direba Ke Kamuwa da Son Ƙirar Mota Guda

A duk inda mota ta daɗe a hannun jama'a akan sami mutanen da suka ɗaure wa ƙirar kamfani guda gindi, ba sa sayen wata, ba sa yabon wata, kuma ko an kawo musu hujjar cewa wata ta fi tasu sai sun nemo dalilin da zai kare abin da suka saba da shi. A Amurka an fi sanin wannan ɗabi'a tsakanin masu sha'awar tsofaffin motocin nan masu ƙarfin inji na shekarun 1960, a ƙasar Tambuwal da Kebbe kuwa, a kudancin Jihar Sakkwato, ana samun ta tsakanin dattawan direbobi da makanikai waɗanda har gobe ba su yarda an taɓa ƙera motar da ta kamo ƙafar Peugeot 504 ba, wato motar da kowa ya fi sani da Fijo. Idan aka bi diddigin yadda waɗannan mutane suka kamu da son abin hawansu, za a tarar cewa sabo ne ke fara shiga zuciya tun mutum yana yaro, hujjojin ƙarfi da juriya kuma daga baya suke zuwa su tsaya masa.

Motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji motoci ne masu matsakaicin jiki, galibi masu ƙofa biyu, waɗanda aka ɗora wa injin babbar mota mai silinda takwas, silinda kuwa ita ce ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki yayin da fetur ke ƙonewa. Akan ɗauki Pontiac GTO ta 1964 a matsayin mafarinsu, domin injinta ya haura lita shida, sama da ninki uku na injin Fijo 504. A shekarar ce kuma Ford ya fito da Mustang, wadda aka ƙera miliyan ɗaya daga cikinta kafin ta cika shekara biyu, sai Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya. Samarin da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne kasuwar waɗannan motoci, kuma yawancinsu sun zaɓi ɓangare tun kafin su mallaki lasin, ko dai saboda motar da mahaifinsu ke hawa, ko dillalin da ke garinsu, ko kamfanin da suka ga ya lashe tsere, ko kuwa motar farko da suka kwanta ƙarƙashinta suna kwance ƙusa. Zamanin bai yi tsawo ba, domin dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin man fetur na 1973 sun durƙusar da kasuwar, amma rarrabuwar kai tsakanin mutanen Ford da na Chevrolet da na Dodge ta wanzu har ta zama abin gado.

Lamarin Tambuwal ya bi wata hanya dabam, saboda a nan mota kayan neman abinci ce kafin ta zama abin ado. Garin yana bisa babban titin da ya taso daga Legas ya ratsa Kwantagora da Yawuri da Koko da Jega, ya bi ta Tambuwal da Dogon Daji da Shagari da Boɗinga ya shiga Sakkwato, sannan ya zarce Illela a bakin iyakar Nijar, don haka duk wata ƙirar mota da ta yi tashe a Najeriya sai da mutanen garin suka gan ta tana wucewa da lodi. Kebbe kuwa tana can ciki, ta kudu, kusa da iyakokin Kebbi da Zamfara, kuma ƙauyukanta irin su Kuchi da Margai da Ungushi sun daɗe suna dogaro da hanyoyin burji da na yashi waɗanda damina ke cinyewa. Motar da za ta yi suna a wannan yanki dole ta iya abu biyu da ba safai suke haɗuwa ba, wato ta yi gudu a kan kwalta ta kai fasinja Sakkwato da hantsi, kuma ta iya sauka daga kwaltar ta shiga gargada da buhunan gero da albasa ba tare da cikinta ya daki ƙasa ba.

Fijo ba ta shigo wannan fage da ƙarfin kanta kaɗai ba. Ƙirar 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, ita ce ta fara share hanya ta hannun kamfanonin ciniki irin su SCOA, musamman akori-kurarta da 'yan kasuwar ƙauye suka rungume. Sai 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, wanda ake yi a kan mugayen hanyoyi masu laka da ƙura. Abin da ya fi duk wannan tasiri shi ne shawarar gwamnatin Janar Gowon ta kafa kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna, wanda aka yi wa rajista a 1972 ya kuma fara aiki a Kakuri a 1975, har aka riƙa ɗauko sassan motar da jirgin sama daga Lyon a sauke su a Kano. Wannan ya zo daidai da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji da rancen mota ga ma'aikata, sannan gwamnatin Janar Obasanjo da ta hau a Fabrairun 1976 ta mayar da 504 motar hukuma har ga manyan jami'ai. Ke nan yaron da ya tashi a Tambuwal a waɗannan shekaru ya ga alƙali da jami'in gona da shugaban makaranta da ɗan sanda duk a cikin mota iri ɗaya mai tambarin zaki, ya kuma ga irinta a tasha tana lodin Jega, sai girma da amfani suka haɗu masa a jikin ƙarfe guda.

Duk da haka ba za a ce siyasa ce kawai ta ɗaga ta ba, domin a Legas ma an kafa kamfanin harhaɗa Volkswagen a wannan zamani, amma ƙaramar motarsa mai inji a baya ba ta zama motar haya ta dogon zango a Arewa ba. Ƙirar 504 tana da siffofin da suka dace da ƙasar. Ƙafafun baya ne ke tura ta, abin da ke nufin duk lokacin da aka danne bayanta da kaya sai tayoyin da ke aiki su ƙara kama ƙasa. Farfelarta, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa baya, tana cikin wani bututu da ke kare ta daga duwatsu da yashi. Tana da tsayi daga ƙasa, kuma sifirin da shokazobanta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, shi ya sa take shanye rami maimakon ta jefa wa fasinja shi a ƙugu. Injin nata mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu, yana shan mai ta kabureta, wadda makaniki zai iya kwancewa ya wanke da fetur ya hure da baki ya mayar a ƙarƙashin inuwar dogonyaro. Hatta silindar ba a jikin injin aka haƙa ta ba, silif ne da ake zarewa a sa sabo, don haka injin da ya gaji ana iya tayar da shi sau da dama ba tare da an sayi wani ba. Doguwar ƙirarta mai layin kujeru uku ita ce ta riƙe hayar gari zuwa gari shekaru masu yawa, akori-kurarta kuma ta riƙe kasuwannin ƙauye.

Sai dai ainihin wurin da son ke ƙulluwa shi ne zaman koyon sana'a. A al'adar tasha ba a wayi gari a zama direba, sai yaro ya yi shekaru yana yaron mota a hannun ubangida, yana wanke mota da asuba, yana duba ruwan lagireto da baƙin mai, yana ɗaure kaya da igiya, yana sa waigi a bayan taya idan an tsaya a gangare, kafin a fara barinsa ya juya motar a cikin tasha. A tsawon wannan lokaci kunnensa yana koyon kukan inji guda, har ya kai ga gane fulogin da ya mutu ko fanbel da ya saki tun kafin a buɗe bonet, hannunsa kuma ya saba da inda giya take da nauyin sitiyari. Ranar da aka miƙa masa makulli, abin da ya sani game da mota baki ɗaya abin da ya sani ne game da wannan ƙirar, kuma girman da yake ba ubangidansa ya riga ya shafi motar ubangidan, ta yadda kushe ta yakan yi masa kama da kushe wanda ya koya masa cin abinci. Haka abin yake a gareji, inda makanikai suka kasu bisa ƙira, akwai na Fijo, akwai na Marsandi, akwai na motocin Japan, kowanne da sifanunsa da yaransa. Makanikin da ya ƙware a Fijo ba zai shawarci mai saye ya ɗauko abin da bai iya gyarawa ba, mai kayan gyara kuma ba zai tara kayan motar da ba ta yawo a hanyarsa ba. Da yake ana samun kayan Fijo tun daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna har zuwa ɗan shagon bakin tasha, direban da motarsa ta mutu tsakanin Kebbe da babban titi yana da tabbacin ba zai kwana biyu a daji ba. Wannan tabbaci ne direbobi ke nufi idan suka ce mota tana da amana, kuma rabinsa a jikin motar yake, rabi a jikin mutanen da suka kewaye ta.

Masu manyan motoci suna da tasu ƙabilar. Bayan zamanin Bedford da Austin masu bodin katako, Marsandi 911, wadda daga baya aka riƙa harhaɗawa a Inugu, ta sami mabiyan da ke rantsuwa da ita wajen ɗaukar hatsi da shanu zuwa Kudu. A ɓangaren masu sarauta da attajirai kuwa Marsandi ce alamar isa, har wata babbar ƙirarta ta farkon shekarun 1980 jama'a suka laƙaba mata sunan Shugaba Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan wannan titi tsakanin Tambuwal da Sakkwato. Mawaƙa ma sun taimaka, domin Alhaji Mamman Shata ya wasa direbobi da masu motoci da dama, abin da ya ƙara wa sana'ar kwarjini a idon samari.

Ya kamata a faɗi abin da masu yabon Fijo ba su cika son tunawa ba. Motar da aka yi don mutum bakwai an riƙa cusa mata fiye da haka, a ɗora kaya a but har murfin ya kasa rufuwa, sannan a taka ta iyakar ƙarfinta a kan titi mai hannu biyu, kuma rayukan da suka salwanta a irin wannan tafiya suna cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988. Tana kuma shan mai fiye da ƙananan motocin da suka biyo bayanta. Mai son ta yakan jingina haɗarin ga gangancin direba, shan man kuma ya ce kuɗin ƙarfi ne, kuma akwai gaskiya a duka biyun, amma irin wannan uzuri ba ya yi wa motar da ba tasa ba.

Abin da ya raba Fijo da tashar Tambuwal kuɗi ne. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota daga Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci balle direban haya, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a shigo da su, wasu ta cikin Nijar, har zuwa lokacin da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Faransa ta daina ƙera 504 ta hawa tun 1983, Kaduna ta ci gaba har wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin. A hankali Volkswagen Golf, wadda ƙafafun gaba ke ja kuma ba ta cin mai sosai, ta karɓe hayar gajeren zango, Sharan da bas ɗin Toyota Hiace suka karɓe dogon zango, Peugeot kuma ta rage a J5 mai ɗaukar albasar Aliero da tumatir, da 406 a hannun ma'aikata. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta lissafin, domin yanzu kowace lita tana fitowa ne daga abin da direba zai kai wa mai mota da yamma.

A nan ne bambanci da Amurka ya fito fili. Ba'amurken da ke son Charger ta 1969 yana iya ajiye ta a rufe shekara da shekaru, ya riƙa fito da ita ranar hutu, kuma akwai masana'antar da ke ƙera masa sababbin kayan gyaranta, don haka sonsa ba ya cin karo da aljihunsa na yau da kullum. Direban Kebbe ba shi da wannan sarari, motar da ba ta fita aiki ba sai a sayar wa masu kwance ta ko 'yan gwangwan, shi ya sa dattijon da ke yabon 504 da baki sau da yawa Golf yake tuƙawa. Yaran da suka koyi tuƙi a hannunsa cikin shekarun 2000 kuwa sun riga sun zama mutanen Golf, suna kare ta da irin zafin da shi yake kare Fijo. A ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina gardamar ta koma kan babur, inda Bajaj Boxer ta Indiya ta ture Jincheng ta Sin, kamar yadda ita ma Jincheng ta ture Honda da Yamaha da Suzuki na Japan saboda araha. Kamfanin Dangote ya fara harhaɗa sababbin motocin Peugeot a Kaduna a 2022, amma waɗannan motoci ne masu kwamfuta a inji, waɗanda sai an jona musu na'ura kafin a gane ciwonsu, kuma makanikin Fijo na bakin tashar Tambuwal bai koyi wannan aiki a hannun ubangidansa ba.