Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Idan ƙafar yaro ta saki farat ɗaya a Banga ko Zurmi ko Shinkafi, jami'in lafiya kan ɗebi bayan gidansa sau biyu, a sa cikin akwatin ƙanƙara, a aika ɗakin gwajin shan inna na Ibadan ko na Maiduguri. A can ana zuba samfurin a kan ƙwayoyin halitta masu rai da ake reno cikin kwalba, iri biyu: RD, na ɗan Adam, wanda ƙwayoyin cutar hanji da dama ke iya ci, da L20B, na ɓera, wanda aka gyara domin ya karɓi ƙwayar shan inna. Da bambancinsu ake gano cutar. Ɗigo ɗaya na RD ya faɗa kwalbar L20B, awo ya lalace, alhali sunan da ke jikin kwalbar bai sauya ba.

Irin wannan ta taɓa faruwa. A 1951, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, an ɗebi ƙwayoyin sankarar mahaifa daga jikin Henrietta Lacks, aka kira su HeLa. Saurin yaɗuwarsu ya sa suke cinye duk kwalbar da suka shiga. A 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa ƙwayoyin da masana ke ɗauka na hanta ne ko na hanji, da yawansu HeLa ne. Shaidarsa ita ce wani nau'in sinadarin G6PD da ya yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu. Har HEp-2, da ɗakunan gwajin shan inna suka daɗe suna amfani da shi, HeLa ne.

Ido ba ya rarrabe su, ko da madubin likita. Shi ya sa nake jaddada wa ɗalibaina abu uku: kada su karɓi ƙwayoyi daga hannun aboki sai an tantance su da gwajin DNA da ake kira STR, kada su buɗe iri biyu lokaci ɗaya, kuma su riƙa sabuntawa daga asalin da aka daskarar. Ina kira ga jami'o'inmu su sa wannan tantancewa ta zama sharaɗi kafin karɓar kundin bincike.

A watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji. Tabbacin bai dawo ba yana rataye ne a wuyan waɗannan kwalabe, kuma iyayen yaron Banga suna da haƙƙin samun sakamako na gaskiya.