Kafin ka miƙa wa ejan fasfonka

A kusan kowane babban gari akwai wani ɗan ofishi da aka liƙa wa tutocin Kanada da Ingila da Amurka a ƙofa, ciki kwamfuta ɗaya da mutum mai daɗin baki. Da ka zauna zai ce, "Alhaji, kawo fasfo da rabin kuɗi, biza kamar ta fito." To, daga wannan maganar ya kamata ka tashi. Biza jami'in ƙasar da za ka ne kaɗai ke bayar da ita, kuma babu lauyan da ya isa ya yi maka alkawarinta.

Neman ƙwararre dai ba laifi ba ne, don dokokin shige da fice suna da sarƙaƙiya, kuma kullum cikin sauyawa suke. A watan Afrilun 2024 Ingila ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake so ga mai son ɗauko matarsa daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Wanda bai ji ba sai ya yi asarar kuɗin fom a banza. Sai dai ƙasashen nan sun fayyace wanda ya halatta ya ba da shawara a biya shi. A Kanada sai lauya ko mai lasisin hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, wadda ta fara aiki a 2021, kuma sunayensu na nan a intanet, kowa na iya dubawa. A Amurka sai lauya ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi.

Inda aka fi buƙatar gwani, a ganina, shi ne ɗauko iyali, domin yadda muke lissafin dangi daban yake da nasu. Mu ɗan wanka ɗanka ne, yaron da ka riƙa tun yana goye ma ɗanka ne. Su kuwa takardar haihuwa suke nema, ko hukuncin kotu, in sun yi shakka su ce a yi gwajin jini. Mai mata biyu ya sani ɗaya kaɗai doka za ta karɓa. Ɗan ƙasar Amurka da ya cika shekara 21 na iya cike fom I-130 ya nemi iyayensa da 'yan'uwansa na jini, amma layin 'yan'uwa ya fi shekara 15. Mai katin zama na dindindin kuwa, mata ko miji da 'ya'yan da ba su yi aure ba kawai zai nema, kuma sai ya shekara 5 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, ko 3 in yana auren ɗan ƙasar.

A nan baragurbin ejan ke kai mutum ya baro shi. Zai ce a rubuta ɗan riƙo a matsayin ɗan cikinka, a ɓoye amarya, a aro kuɗi a zuba a asusu na kwana biyu don takardar banki ta yi kyau. Shi ya tsara ƙaryar, amma sa hannunka ne a ƙasan fom. In asiri ya tonu, Kanada kan haramta wa mutum shiga shekara 5, Ingila har 10, Amurka kuwa na iya rufe maka ƙofa har abada. Ejan na nan a ofishinsa yana jiran na gaba.

Har yau akwai masu karɓar kuɗin 'yan Najeriya da sunan cacar bizar Amurka, alhali tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga ciki.

Don haka, ɗan'uwa, nemi lambar lasisinsa ka duba da kanka, a yi yarjejeniya a rubuce, ka karɓi rasit. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, kuma a karanta maka kowane layi kafin a tura.