Yaron da Ba a Rubuta Sunansa Ba, Wa Zai Neme Shi?

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Malanville da hantsi zai ga yara masu talla da masu dako da almajirai riƙe da kwano. Wasunsu 'yan gari ne, wasu kuwa sun ƙetaro kogi daga Gaya ko sun fito daga Kamba. Su nawa ne, kuma wa ke riƙe da sunayensu?

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum 168,641 a gundumar Malanville. Binciken MICS na 2014, wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya gano cewa fiye da rabin yaran Benin masu shekara 5 zuwa 17 suna aikin da bai dace da shekarunsu ba. Binciken lafiyar jama'a na 2017 zuwa 2018 kuma ya nuna cewa a cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5, kimanin 14 ba a yi rajistar haihuwarsu ba.

Sai dai irin waɗannan bincike gida gida ake bi, ana tambayar mai gida ko uwargida. Yaron da ke kwana a rumfar kasuwa ko a tashar mota, mai alƙalami ba ya cika isa gare shi. Ke nan wanda ya fi kowa bukatar kariya shi ne ya fi saurin kuɓuce wa lissafi. In ya ɓata, babu takardar da za a nuna. In ya kai zana jarrabawar CEP, rashin takardar haihuwa ya tare masa hanya.

Rubuta sunan yaro ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ji kukan jaririn da ake gaggawar yaye shi domin ya samu rabo daga baitulmali. Sai ya ba da umurni a sanya wa kowane jariri rabonsa tun daga ranar haihuwa.

Saboda haka, maigida ya tabbatar an yi wa jariri rajista kafin a watse daga hidimar suna. Malamin allo ya tanadi littafi mai ɗauke da sunan kowane almajiri, da na mahaifinsa, da garinsu, da ranar zuwansa. Wanda ya karɓi riƙon maraya ya sanar da mai unguwa. Dokar yara ta 2015 ta haramta cutar da yaro, kuma a 2020 an buɗe lambar waya 138 kyauta domin kai rahoto.

Ɗa na kowa ne. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.