Duwatsun Dutse Da Ruwan Rijiya

Duwatsun da suka kewaye Dutse, babban birnin Jihar Jigawa tun 1991, sun girmi garin nesa ba kusa ba. Masana kimiyyar ƙasa sun ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan 213. Asalinsu narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa suka girma har ido na iya rarrabe su. Wannan shi ne giranit, daga rukunin duwatsun wuta.

Sai dai rana da ruwan sama ba sa barin dutse ya huta. Sukan farfasa shi ya koma yashi da laka, ruwa ya kwashe ya jibge a kwari. Irin wannan jibgi ne ke shimfiɗe ƙarƙashin ƙasar Haɗeja, kuma idan ya daɗe a danne yakan ƙame ya zama dutsen shimfiɗa. Rukuni na uku shi ne wanda zafi da matsi suka rikiɗar.

Mai haƙa rijiya ya fi kowa sanin bambancin. Shimfiɗar yashi tana riƙe ruwa kamar soso. Giranit kuwa, sai an dace da tsaga ko ruɓaɓɓen samansa, in ba haka ba kuɗin burtsatse ya tafi a banza.